Yadda Ake Rubuta Labarin Saibafonk Mai Ƙamshin Kano: Talaka, Kamfani da Tawaye

Akwai wani reshe na ƙagaggun labaran kimiyya da ake kira saibafonk, wanda ya tsiro a Amurka a farkon shekarun 1980, ya kuma bunƙasa bayan fitowar littafin Neuromancer na William Gibson a 1984. Labari ne na wata gobe mai duhu, inda fasaha ta kai ƙololuwa amma rayuwar talaka ta taɓarɓare, gwamnati ta zama suna kawai, manyan kamfanoni kuwa suka riƙe wuƙa da nama. Jarumansa mutanen lungu ne, masu gyare-gyare da masu kutse cikin kwamfuta da 'yan buga-buga, waɗanda wata rana tura ta kai su bango.

Matasan marubutanmu da dama, waɗanda suka san wannan salo ta hanyar finafinai da wasannin kwamfuta, suna sha'awar gwada shi da Hausa, kuma sha'awa ce da ta cancanci a ƙarfafa. Matsalar ita ce sau da yawa akan ɗauko birnin wasu ɗungurungum, da ruwan samansa da ba ya ɗaukewa da benayensa masu hawa ɗari, a liƙa wa mutanen ciki sunayen Hausa, sai labarin ya fito ba shi da tushe. Ra'ayin da na gina wannan jagora a kansa shi ne Kano ba ta buƙatar aro. Kayan haɗin labarin duk suna nan tsakanin Dawanau da Challawa, aikin marubuci kawai shi ne ya dubi abin da yake faruwa yau, ya ja shi gaba shekara talatin ko arba'in, ya ga inda zai kai jama'a idan ba a taka masa birki ba.

Mataki na farko: me kamfanin ya riƙe?

Kafin ku raɗa wa jarumi suna, ku zauna ku amsa tambaya ɗaya: mene ne abin da mutumin Kano ba zai iya kwana uku babu shi ba, wanda kamfanin labarinku ya mallake shi kaɗai? Kamfanin da yake mugunta don mugunta kawai ba ya razana mai karatu. Mai razanarwa shi ne wanda ake ƙi amma ba a iya rabuwa da shi, wanda kowa yake tsine masa da dare, da safe kuma ya bi layi ya biya shi.

Ruwa shi ne na farko da ya kamata ku duba. Birnin ya dogara da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da kogin Challawa da matatun ruwa irin na Tamburawa, amma duk da haka akwai unguwanni masu yawa da famfo ya daɗe bai ɗiga ba, inda 'yan garuwa da kurarsu da jarkokinsu da masu rijiyar burtsatse suke riƙe da rayuwar gidaje. Ku ɗauka cewa a gobenku kamfani ɗaya ya sayi madatsun, ya sa an yi dokar da ta haramta haƙa burtsatse da sunan kare ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya kuma sa wa kowace jarka alamar da na'ura take karantawa. Ɗan garuwa ya zama ɗan fasa-ƙwauri ke nan, matar da ta ɗebi ruwan rijiyar gidan kakanta kuwa ta zama mai laifi.

Wutar lantarki ma ta riga ta share muku hanya. A Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit. Tsarin raba gari rukuni-rukuni yana nan a ƙasa. Ku kuna iya faɗaɗa shi har ya shafi asibiti da makaranta da hanyar da mutum zai bi.

Sai lamba. An fito da lambar banki ta BVN a 2014, a Disamban 2020 kuma aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, daga baya aka rufe layukan waɗanda ba su haɗa ba. Duk wanda ya ga farkon 2023 a Kano, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, ya san yadda mutum zai kasance da kuɗinsa a banki amma ya kasa yin cefane, sai ya sayi naira da naira a wajen mai POS. Wannan ƙwarewa ce da masu karatunku suka ɗanɗana da kansu, ba sai kun yi dogon bayani ba. Na huɗu shi ne bashi: matuƙin adaidaita sahu da yake kai balas kullum, wayar da aka saya biya-kaɗan-kaɗan wadda ake kullewa daga nesa idan an makara, manhajar bashi mai tura saƙon tozarci ga duk lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci.

Ku zaɓi ɗaya ya zama uwa, ɗaya kuma ya tallafa masa. Marubucin da ya ba kamfaninsa ruwa da wuta da banki da soja da asibiti a babi na farko ya yi dodon tatsuniya, ba kamfani ba. A misalan da za su biyo baya zan riƙe ruwa a matsayin uwa, lamba kuma a matsayin igiyar da ake jan mutane da ita.

Mataki na biyu: ku rubuta yadda aka yi ya karɓi iko

Wannan shafi biyu ne ko uku da za ku rubuta wa kanku, mai yiwuwa ba zai shiga littafin ba, amma shi ne zai hana labarin tangal-tangal. Kamfani ba ya wayar gari ya ga kansa yana mulki. Akwai shekarar da aka yi fari, akwai bashin da gwamnati ta kasa biya, akwai yarjejeniyar da aka sa wa hannu cikin gaggawa jama'a suna tafi saboda a watannin farko ruwa ya zo har bene. Ku rubuta shekarun a jere, ku san wanda ya sa hannu da abin da ya samu.

Tarihinmu ya ba da samfuri. Kamfanin Royal Niger ya sami takardar izini daga gwamnatin Ingila a 1886, yana da sojojinsa da kotunansa da harajinsa, ya kai wa Bida da Ilorin yaƙi a 1897, sai a ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi yankunan daga hannunsa. Ikonsa bai iso Kano ba, amma shi ya share fagen da sojojin Turawa suka biyo har suka ci birnin a Fabrairun 1903. Bayan isowar layin dogo a 1911 kuma, cinikin gyaɗa ya nuna wani salon: kamfanonin Turawa a sama, manyan wakilai a tsakiya, ƙananan masu saye a ƙauyuka, manomi a can ƙasa yana karɓar farashin da bai sa baki wajen yanke shi ba. Ku lura da wannan tsari da kyau, domin yana koyar da abin da yawancin sababbin marubuta suke mantawa, wato kamfani ba ya mulki da hannunsa. Yana mulki ne ta hannun dillalai da wakilai 'yan gari, masu jin Hausa, masu zuwa ɗaurin aure da jana'iza.

Mataki na uku: ku zana birnin

Ku ɗauki takarda ku zana taswirar Kano ta yau, sannan ku bi ta unguwa-unguwa kuna tambayar me ta zama a ƙarƙashin kamfanin. Yanayin ku fara gyarawa. Duhun labarinku ba na ruwan sama ba ne, na zafin Afrilu ne da yake haura digiri 40, da hazon hunturu mai rufe rana, da ƙurar da take shiga cikin kowace na'ura ta kashe ta, da ambaliyar Agusta da take cika lunguna saboda an cike kududdufai an yi gini a kansu. A irin wannan gari, sanyi shi ne alamar arziki. Mai kuɗi yana zaune a Nassarawa ko Bompai cikin unguwar da aka killace aka sanyaya, talakan Kurna da Rimin Kebe da Ɗorayi kuwa yana sayen inuwa da awa.

Cikin birni kyauta ce ga marubuci. Lungunan da suka kewaye Kasuwar Kurmi, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ƙanana ne masu murɗiya, wani yana bi ta cikin soron gida ya ɓulle wata unguwa, kuma wanda ba a nan aka haife shi ba zai iya ɓata da rana tsaka. Jirgi marar matuƙi yana ganin rufi, amma bai san wane zaure ne yake da ƙofa biyu ba. Dutsen Dala da Goron Dutse wurare ne da kamfani zai so ya kafa turakunsa na sadarwa, saboda haka wurare ne da za a yi rikici a kansu. Kasuwar waya ta Farm Centre, inda yara suke buɗe wayar da aka ƙera a Sin su gyara ta da ƙarfen narka dalma da gilashin ƙara gani, ita ce makarantar masu kutsenku. Ga Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, ga 'yan gwangwan masu tsince jan ƙarfe daga matattun na'urori, ga masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai da ruwan dagwalon da yake gangarawa rafuka irin su Jakara da Getsi, ga marinar Ƙofar Mata da aka ce an kafa tun 1498, ga ragowar badala da gine-gine suke ci kullum.

Ba a buƙatar ku zuba waɗannan duka. Wurare huɗu ko biyar da kuka sani da ƙafarku, kuka san warinsu da hayaniyarsu da lokacin da ake tashi, sun fi wurare ashirin da kuka ji labari. Idan babinku zai faru a Ƙofar Ruwa, ku je Ƙofar Ruwa ku wuni.

Mataki na huɗu: ku kafa wa fasaha doka

Fasahar da take iya komai tana kashe labari, domin duk inda jarumi ya maƙale sai ya danna wani abu ya fita. Ga kowace na'ura da kuka ƙirƙira, ku rubuta amsar tambaya uku: wa ya mallake ta, nawa ake biya, me yake faruwa idan ta lalace ko an kasa biya? A misalinmu, kowane mutum yana da awarwaro a hannu mai ɗauke da lambarsa, famfon unguwa ba ya buɗewa sai ya karanta ta, kowace lita kuma ana cirewa daga asusu. Wanda ya ci bashi ana rage masa lita, wanda ya yi magana a rediyo ana sauke masa rukuni, wanda aka goge lambarsa kuwa ba shi da ruwa, ba shi da asibiti, ba a ma karɓar gawarsa a maƙabartar da kamfani yake kula da ita. Da zarar kun kafa waɗannan dokoki, kada ku karya su don sauƙaƙa wa kanku.

Ku sa tsoho da sabo su zauna tare, domin haka garin yake. Mai kutse yana aiki da wayar da aka gyara sau biyar, yana cajin ta a rumfar mai sola, yana ɓoye katin ajiyar bayanai a cikin laya ko cikin ƙullin goro.

Wannan salo yana yawan taɓa jikin ɗan Adam, da dashen na'ura da gwajin magunguna, kuma a nan Kano tana da tabon da ya sa dole a yi hattara. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 11 suka rasu, kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Mai karatu Bakano zai ji nauyin duk wani babi da ya shafi gwaji ba tare da cikakken izini ba. Amma ku tuna cewa rashin yarda irin wannan yana cikin abin da ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa, yara suka nakasa. Ku nuna laifin a inda yake, wato ɓoye gaskiya da raina talaka. Kada ku rubuta labarin da zai sa uwa ta ƙi kai ɗanta asibiti.

Mataki na biyar: mutanen labari

Jarumi ya kasance mai sana'a, kuma sana'ar ta kasance tana taɓa abin da kamfanin ya riƙe. A misalinmu, budurwa ce mai gyaran awarwaron lamba a wata rumfa a Farm Centre, mahaifinta tsohon ɗan garuwa ne da doka ta kashe wa sana'a, tana ciyar da ƙanne uku. Ba ta tashi da niyyar ceton kowa ba. Abin da take so ƙarami ne, a mayar wa mahaifiyarta lambar da aka goge bisa kuskure, kuma neman wannan ƙaramin haƙƙi ne zai buɗe mata ido ta ga cewa ba kuskure ba ne, tsari ne na rage yawan bakunan da ke shan ruwa a unguwannin da ba sa kawo riba.

Ku guji ɗauko jarumin da ba shi da uwa ba shi da uba, mai yawo shi kaɗai cikin dare. A Kano mutum yana da dangi da surukai da maƙwabta da majalisar da yake zama, kuma wannan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma inda za a kama shi. Kamfani ba sai ya kama jarumarku ba, ya isa ya sauke rukunin gidan ƙanwar babanta, dangi da kansu za su taru su ce ta bari.

Fuskar kamfanin ita ce ta fi buƙatar aiki. Shugaban da ke can saman bene ba ya da amfani sosai. Ku ba mu wakilin unguwa, wanda zai fi kyau ya zama yayan jarumar ciki ɗaya, wanda albashinsa ne yake biyan kuɗin makarantar ƙannen, wanda kuma yake da hujja: kafin kamfani ya zo babu ruwan kwata-kwata, yanzu ko da tsada akwai. Idan mai karatu bai ɗan yi shiru ya ce yayan nan yana da gaskiya ba, ba ku gama aikinku ba. Haka mai unguwa da yake tsakanin jama'arsa da takardar da aka aiko masa, haka malamai, wani yana wa'azin haƙuri, wani yana kafa hujja da cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Labarin gobe na Kano da babu kiran salla a ciki, babu azumi, babu tambayar halal da haram, ba Kano ba ce. Ku yi tunanin abin da sayar da ruwa da lita yake nufi ga mai alwala sau biyar a rana, za ku ga babi guda ya rubuta kansa.

Mataki na shida: tawayen

A nan ne labarai da yawa suke faɗuwa, domin marubuci yakan ba mutum ɗaya kwamfuta da bindiga ya ce ya rushe daula a dare ɗaya. Mai karatu ya san ƙarya ne. Kano tana da nata tarihin bijirewa, kuma daga can ya kamata ku ɗebo. An kafa jam'iyyar NEPU a wannan birni a ranar 8 ga Agustan 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, kuma ƙarfinta bai kasance a makami ba. Yana wajen teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai da mata, waɗanda suka sha ɗauri da bulala a kan ƙin zalunci, suka yaɗa saƙonsu da waƙa da taron dare da baki-da-baki. Gwagwarmaya ce mai tsawo, domin sai bayan zaɓen 1979 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar. Wannan tsawon lokaci darasi ne ga mai tsara labari.

Akwai misali na kusa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, zirga-zirgar birnin ta koma kan adaidaita sahu, shi ya sa da matuƙan suka tafi yajin aiki a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta takardar izini, sai aka ga ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suna takawa a ƙasa, gari ya tsaya cik. Wanda aka raina ya gano cewa garin a kafaɗarsa yake. Ku tambayi kanku: a duniyar labarinku, su wane ne idan suka naɗe hannu kamfanin zai durƙusa? Masu gyaran famfo, masu share bututu, masu karanta mita, 'yan dako. Kutsen jarumarku yana da amfani ne kawai idan ya ba waɗannan mutane dalili ko dama, misali ta fito da jerin sunayen unguwannin da aka shirya gogewa.

Sannan ku shirya martanin kamfanin, kuma ku sa ya zama mai wayo. Zai fara da kyauta, ya ba unguwar da ta fi zafi ruwan mako guda. Zai saye shugabannin ƙungiya. Zai ɗauki 'yan daba su shiga zanga-zanga su fasa shaguna don a ɓata mata suna. Daga ƙarshe zai katse sadarwa, kuma wannan ba ƙage ba ne, an rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, an kuma dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar da aka katse intanet ita ce ranar da labarinku zai nuna asalin Kano: saƙo yana tafiya a bakin mai tallan fura, a aljihun almajiri, a teburin mai shayi, a gidan biki, a sahun masallaci. Kuɗin tafiyar yana fitowa daga adashin mata. 'Yan Kwari da suke ba da kayan miliyoyi a kan amana ba tare da takarda ba sun riga sun mallaki hanyar ciniki da na'urar kamfani ba ta iya gani, kuma a ganina wannan amana ita ce makamin da ya fi kowane ƙarfi a hannun marubucin Kano.

Kada ku ɓoye kuɗin da tawaye yake ci. Idan an fasa bututu, asibitin haihuwa ma ya rasa ruwa, kuma jarumarku ce za ta ɗauki wannan alhaki. A cikin 'yan tawayen ma a sami mai neman muƙami, da mai cin amana don an kama ɗansa, da mai son a ƙona komai. Nasara kuwa ta zo da iyaka: a buɗe rijiyoyin unguwa goma, a soke dokar goge lamba, kamfanin ya ja da baya amma bai mutu ba.

Mataki na bakwai: harshe

Ku raba murya biyu. Kamfani yana magana da Hausa mai santsi irin ta sanarwar rediyo, cike da girmamawa, ba ya cewa an yanke ruwa sai dai an daidaita rabo. Mutanen lungu kuwa suna raɗa wa komai suna, kamar yadda suka raɗa wa babur mai ƙafa uku adaidaita sahu. Za su iya kiran awarwaron mari, su kira wanda aka goge lambarsa mamaci, su kira jirgin sintiri shirwa. Ku bar mai karatu ya gane ma'anar daga yadda ake amfani da su. Ga yadda 'yar gajeriyar hira za ta iya ɗaukar duniya guda ba tare da lacca ba:

"Yaya, marin Umma ya daina karantawa tun jiya. Famfo ya ƙi ta."

"Ki kawo takardar ƙorafi ofis, za a duba."

"Na kai yau da safe. Suka ce a wajensu ta rasu."

Ya kawar da kai, ya ciro katinsa ya miƙa mata. "Ki ɗebar mata lita goma da nawa. Don Allah kada ki buɗe marin nan da kanki, suna gani."

Mataki na takwas: tsari, gyara da fitarwa

Ku fara da gajeren labari kafin littafi, domin duniya irin wannan tana da nauyi, gara a gwada ta a shafi goma. Ku buɗe da rana ta yau da kullum wadda doka ɗaya ta kamfanin ta ɓata, a tsakiya jaruma ta gano abin da ake ɓoyewa ta kuma rasa wani abu saboda saninsa, a ƙarshe jama'a su motsa. Idan a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks za ku riƙa saki kashi-kashi, ku kammala dokokin duniyar da ƙarshen labarin kafin kashi na farko ya fita, don kada ra'ayin masu karatu ya ja ku ku karya abin da kuka kafa. Da yake ana yawan karanta littattafan Hausa da murya a YouTube da rediyo, ku karanta kowane babi a bayyane, duk jimlar da ta sarƙe a baki ku warware ta.

Kamfanin labarinku ya zama ƙagagge, da suna da tambarin da ba su yi kama da na wani kamfani mai rai ba, kuma kada ku ɗora laifin ƙage a kan wani mutum ko ofishi na gaske, domin wannan ɓata suna ne, doka tana hukunta shi. Wanda zai buga a takarda ya sayar a kasuwa ya nemi sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano tun da wuri. Kafin ku saki, ku ba mutum biyu su karanta: wanda ya san kwamfuta da waya, ya nuna muku inda fasahar ta zama tsafi, da wanda yake yin sana'ar jarumarku, ya nuna muku inda kuka sa ta faɗi abin da mai wannan sana'a ba zai taɓa faɗa ba. Duk gyaran da na biyun ya kawo, ku karɓa ko da zai sa ku sake rubuta babi guda.